Tarihin wane attajiri zan ba yaran shagona?

Mai Kanti, Kasuwar Dole: Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Shawara nake nema. Yara shida gare ni a shago nan Damagaram, babbansu bai wuce shekara 25 ba. Kowace Juma'a muna rufewa da wuri, mu ɗora shayi bayan la'asar mu taɓa hira. Hirar tasu ba ta wuce abu biyu: wane ya je haƙar zinariya a Jado ya dawo da Hilux, wane ya haura Libiya yana turo kuɗi. Bara ɗaya daga cikinsu, yaron da na riƙe shekara huɗu, na ba shi kuɗi ya kai wa mai kaya, sai ya wuce da su wajen haƙar zinariya. Har yau ban ji ɗuriyarsa ba. Wallahi rashin yaron ya fi rashin kuɗin ci mini rai. Shi ya sa na yi niyyar kowane mako in ba waɗanda suka rage tarihin attajiri guda, yadda ya fara, inda ya yi tuntuɓe, da abin da ya bari. Da wa zan fara?

Ɗan Sabon Gari: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai babu wani dogon tunani, Dangote. Babu yaron da bai san sunansa ba.

Mai Kanti, Kasuwar Dole: Sun san sunansa ƙwarai, ƙanena, amma abin da suka sani kawai shi ne ya fi kowa kuɗi a Afirka. Da an ambace shi sai su kama lissafin biliyoyi, hirar ta koma inda nake gudu.

Mushe mai ritaya, Birni: Alhaji, Allah ya saka da wannan niyya. Ni dai a ganina ka fara daga gida. Shekara 30 na yi ina koyarwa a lakwal, kuma na lura yaro ya fi riƙe labarin da ya faru a unguwar da yake takawa da ƙafarsa. Ka ba su Malam Yaro.

A ƙarshen ƙarni na 19 babu attajirin da ya kai shi suna a Damagaram. Mutumin unguwar Zango ne, kuma ku tuna Zango ba haka kawai ta samu sunanta ba, nan ne ayarin raƙuma ke sauka idan sun keto hamada. Hanyar ta taso daga Tarabulus, ta bi Gat, ta sauko Abzin da Agadas, ta zo Damagaram, sannan ta wuce Kano. Daga arewa ana kawo yadi, takarda, sukari, turare, duwatsun wuya da bindigogi. Daga nan ana ɗaukar jemammiyar fata, gashin jimina da hauren giwa. Abin da nake so yaranka su gane shi ne tsawon lokacin. Ka ɗora kaya yau, sai an yi watanni kafin su isa bakin teku, a sake wasu watannin kafin ka ji an sayar ko an yi fashi a hanya. Babu waya, babu banki. Malam Yaro yana da wakilai a garuruwa masu nisa, dukiyarsa tana hannun mutanen da zai shekara bai sa su a ido ba, wasiƙar Larabci da alkawari ne kawai tsakaninsu. Yaron da aka aika daga Dole zuwa tasha da kuɗin mutane ya kamata ya ji wannan.

Marigayi Farfesa André Salifou, ɗan garin nan wanda jami'armu ke ɗauke da sunansa, ya yi rubutu a kan Damagaram ta ƙarni na 19, ya kuma yi na musamman a kan Malam Yaro. Da Faransanci ne, amma idan kana so ina iya zuwa wata Juma'a in warware musu da Hausa.

Ɗan Zango: Mushe, Allah ya ƙara lafiya. Mu da muka tashi a Zango mun ji sunan nan tun muna ƙanana a bakin kakanni. Amma idan za a faɗa a faɗa duka. Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Lokacin da Faransawa suka ci garin a 1899 ya yi hulɗa da su, ya samar musu da kaya da guzuri. Bai hana a 1906, da suka ce an ƙulla musu makirci, suka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Bassa suka kai shi Kodebuwa, sunan Malam Yaro ya shiga cikin waɗanda aka kama ba. Wanda ya taimaka wa jiya shi ya ɗaure shi yau. Ni a wurina wannan ne babban abin da ɗan kasuwa zai ɗauka: ka yi hattara da jingina dukiyarka a jikin mai mulki.

Ɗalibar jami'a: Baba Mushe, ku yi mini afuwa in ƙara abu ɗaya. A cikin kayan da ayarin nan ke ɗauka zuwa arewa har da bayi. Ƴan Adam ne kamarmu, kuma wasu daga cikinmu jikokinsu ne. Ba ina nufin a zagi magabata ba, amma idan aka ba yara labarin fata da gashin jimina aka tsallake wannan, ranar da suka ji a wani wuri za su daina yarda da sauran.

Mushe mai ritaya, Birni: Gaskiyarki ƴata, kuma na gode da kika faɗa. Arzikin daular a zamanin Sarki Tanimun, har ganuwa da igwa da muke alfahari da su, akwai kuɗin bayi a ciki. Alhaji ya faɗa musu haka nan.

Direban hanyar Kano: Ni kuma shawarata, idan ka gama Malam Yaro, mako mai zuwa kai tsaye ka kawo Alhassan Dantata, don a nan ne za su ga bambanci. Shekara 20 ina bin hanyar nan ta Matamaye da Daura, kuma a Kano ko mai tura baro ya san tarihinsa.

An haife shi a Bebeji a 1877, cikin Agalawa, fataken goro. Uban ya rasu yana yaro, uwar ta tafi Akara, wata tsohuwa mai suna Tata ce ta rene shi, daga nan aka samu Ɗantata. Ya fara da bin ayarin Gwanja da ƙafa kamar kowa. Abin da ya bambanta shi, da ya ga jirgin ruwa na zirga-zirga tsakanin Akara da Ikko, sai ya koma ɗora goronsa a jirgi, tafiyar watanni ta zama ta kwanaki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1911, Turawa suka buɗe sayen gyaɗa, bai ce shi ɗan goro ne gadon gidansu ba. Ya shiga gyaɗa, ya baza yaransa ƙauyuka da jari suna saye, ya zama babban mai sayo wa kamfanin Turawa. Dalar gyaɗar Kano da ake gani a hoto, da sunansa ake haɗa ta. A 1929 da aka buɗe bankin Turawa a Kano, raƙuma 20 aka ɗora wa kuɗin azurfa ya kai ajiya. Ya rasu a 1955, ana cewa babu wanda ya fi shi dukiya a Afirka ta Yamma.

To jirgin ƙasan da ya ɗaga Dantata shi ne ya kashe hanyar raƙuman da ta ɗaga Malam Yaro. Kaya suka koma shigowa ta teku da dogo, sun fi araha, sun fi sauri. A 1911 ɗin kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Wa zai ƙara jiran ayari?

Mushe mai ritaya, Birni: Direba ka taɓo inda ke mini ciwo. Ka ƙara da cewa a 1926 aka ɗauke babban birni daga nan aka kai Yamai. Hanya ta mutu, mulki ya tashi. Gyaɗa ta ɗan riƙe mu, mu ma, zamanin kantunan Faransawa na CFAO da SCOA, daga baya gwamnati ta kafa kamfanin gyaɗa na SONARA a 1962 ta karɓe sayen. Sai farin 1973 da 1974, sai cutar gyaɗa ta biyo baya. Tsofaffin da suka yi awon gyaɗa suna nan da rai a Matamaye da Magarya, a tambaye su.

Mai Kanti, Kasuwar Dole: Wannan haɗin ya yi mini. Amma ina da tambaya wadda ta daɗe tana damuna. Me ya sa gidan Dantata ya kai yau, mu kuma a nan da Alhaji ya rasu, kafin a yi sadakar arba'in an fara maganar raba shago? Na ga gidaje uku da idona a kasuwar nan, masu kamyo da sito, yau ko allon suna babu.

Direban hanyar Kano: Alhaji, abin da ake faɗa a Kano shi ne kafin ya rasu ya tara ƴaƴansa ya yi musu wasiyya kada su wargaza kasuwancin, su riƙe shi tare. Kuma akwai kamfani mai rajista, Alhassan Dantata & Sons. Ahmadu ya riƙe, bayan rasuwarsa a 1960 Aminu ya karɓa, wanda Allah ya yi wa rasuwa a 2025 aka binne shi a Madina. Sanusi ma babban attajiri ne da kansa. To ƴar Sanusi, Hajiya Mariya, ita ta haifi Aliko Dangote a 1957. Don haka ƙanenmu na Sabon Gari bai yi kuskure ba, sai dai a kawo Dangote a mako na uku, bayan yara sun san cewa shi tattaɓa-kunne ne, kuma jarin da ya fara da shi a 1977 rance ne daga cikin dangi. Ba daga sama ya faɗo ba.

Ɗan Sabon Gari: Na yarda Yaya. Amma a ba shi haƙƙinsa. Jikokin masu kuɗi nawa ne suka cinye gado suka zauna? Shi ya yi shekaru yana shigo da sukari, shinkafa da siminti, sannan ya ce a'a, gara a yi su a gida, ya gina masana'antar siminti a Obajana. Matatar man da ya gina a Lekki an tsara ta ta tace ganga 650,000 a rana. Matatarmu ta SORAZ da ke nan kan hanyar Tanut ganga 20,000 ce. Ku auna.

Malam na Garin Malam: Assalamu alaikum. Game da tambayar Alhaji, kada a ɗora wa rabon gado laifi, hukuncin Allah ne kuma adalci ne. Shari'a ba ta ce a sare kamyo gida huɗu ba. Ana iya ƙiyasta dukiya, kowane magaji ya san kasonsa, mace da namiji, a rubuta, a bar shagon yana tafiya ana raba riba. Abin da ke kashe gidajenmu shi ne Alhaji ya riƙe komai a kansa: wanda yake bi, wanda ke binsa, inda ya ajiye takardar fili. Ranar da ya kwanta, lissafin ya kwanta da shi.

Shawarata kuma, kafin Malam Yaro da Dantata, ka buɗe da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi. Ya isa Madina babu komai a hannunsa. Ɗan'uwan da aka haɗa shi da shi, Sa'adu ɗan Rabi'u, ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Ya yi masa addu'a, ya nemi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya je, ya dawo da ɗan cuku da man shanu a matsayin riba. Daga wannan ya zama cikin manyan attajiran sahabbai. Sai Sayyidina Usmanu da rijiyar Ruma da ya saya ya bar wa jama'a. Mu mutanen Damagaram da muka san wahalar ruwa, muka san layin jarka a bakin famfo, ba sai an yi mana dogon bayani a kan darajar wannan ba.

Mai Kanti, Kasuwar Dole: Allah ya gafarta Malam, maganar lissafi ta shige ni. Ni kaina rabin bashin da nake bi a kaina yake.

Hajiya Mai Atamfa: Sannunku da hira. Tun ɗazu ina karantawa, maza kawai ake lissafawa. Malam, ai kafin Abdurrahman akwai Nana Khadija, ita ke ba da jari maza su tafi Sham da kayanta.

Alhaji, ka ba yaranka labarin matan Lome da ake kira Nana Benz. Ni na yi shekaru ina sarin atamfa a can. Matan nan, da yawansu ba su yi lakwal mai zurfi ba, su suka riƙe sarin atamfar Holan tun daga shekarun 1960 har zuwa 1980. Mace za ta zaɓi zane, ta ƙulla da kamfani cewa ita kaɗai za a ba wa, ta raɗa masa suna, mata daga ƙasashe su zo saye a hannunta. Da ribar suka sayi Marsandi, shi ya jawo musu sunan. Amma ka faɗa musu yadda abin ya ja baya: an karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, kayan Turai suka ninka kuɗi, sai ga atamfar Sin mai kwaikwayon zane iri ɗaya a kan kuɗi kaɗan. Labarin raƙumi da jirgin ƙasa ne ya sake dawowa da wata riga.

A cikin ƙasarmu kuma akwai Madam Zeinabou Maidah, wadda ta kafa Niger-Lait a Yamai a 1994. Da ɗan ƙaramin wuri ta fara yin yawur, yau ga kayanta a firjin butik-butik. Tana raye, ba sai an ce wai-wai ba. Kuma kada ka manta da matan cikin gida da ke ƙuli-ƙuli, man gyaɗa da alkaki, yara na kai talla. Mahaifiyata da kuɗin man gyaɗa da adashi ta aurar da mu biyar, ta sayi fili a Karkada. Babu wanda zai rubuta sunanta, amma duk abin da na sani na riƙon jari a wurinta na gani: uwar kuɗi daban a cikin kwalla, ba a taɓa ta ko ana ciwo.

Malam na Garin Malam: Hajiya kin yi gaskiya, Allah ya jiƙan Inna.

Mai garejin moto: Ni nawa daban ne, daga Japan. Yaran gareji nake da su, kuma babu labarin da ke zaunar da su kamar na Soichiro Honda. Ɗan maƙeri ne mai gyaran keke, an haife shi a 1906. Yana shekara 15 ya tafi Tokyo koyon gyaran mota. Watannin farko ba a bar shi ya taɓa sufana ba, renon ɗan maigida da shara aka sa shi. Ya yi shekara shida a nan kafin maigidan ya yarda ya buɗe reshe a garinsu. Daga baya ya shiga ƙera ringin fistin don Toyota. A cikin 50 da aka gwada, 3 kawai suka ci. Babban mutum da garejinsa, ya koma aji ya zauna da yara don ya koyi sirrin ƙarfe. Yaƙi ya zo bam ya ci masana'anta guda, girgizar ƙasa ta rushe ɗayar a 1945. A 1946 ya fara ɗaura ƙananan injina a jikin keke, a 1948 ya kafa kamfanin Honda. Ƙaramin moton nan nasu, Super Cub, da aka fito da shi a 1958, an ƙera sama da miliyan 100.

Abu biyu nake nanata wa yarana. Na ɗaya, ya san shi ba gwanin kuɗi ba ne, sai ya samu aboki, Takeo Fujisawa, ya bar masa lissafi da ciniki, shi ya tsaya kan inji. Na biyu, su biyun sun sauka tare a 1973, kuma ba su ɗora ƴaƴansu a kan kamfanin ba, ma'aikatan da suka horar suka bar wa. Wannan na biyun ban ce dole mu yi haka ba, Dantata ƴaƴa ya bar wa kuma ya yi kyau. Amma duk ɗan kabu-kabun da ke garin nan ya san sunan Honda, mai sunan kuwa ya rasu tun 1991.

Ɗalibar jami'a: Kawu, idan da sauran wuri a saka Mo Ibrahim, ɗan Sudan, injiniyan waya. Ya kafa Celtel a 1998 lokacin da masu kuɗin Turai ke ganin Afirka ba kasuwar salula ba ce. Ya sayar a 2005 kan dala biliyan 3.4, ta zama Zain, ta zama Airtel da ke aljihun da yawanmu. An san shi da kafewa a kan ba za a ba da cin hanci don samun lasisi ba, kuma ma'aikatansa sun samu kaso da aka sayar.

Alhaji mai canji: Ni ma ga nawa a taƙaice: Sulaiman Al-Rajhi na Saudiyya. Duk wanda ya je aikin hajji ya ga bankinsu. Da dako ya fara yana yaro, ya shiga canjin kuɗi, shi da ƴan'uwansa suka kai ga banki. A 2011, yana raye da hankalinsa, ya ba iyalinsa nasu, babban kaso kuma ya mayar wakafi. Ya dace da abin da Malam ya ce, a gyara lissafi tun ido na gani.

Ɗan Zango: Alhaji, abu ɗaya nake roƙo. Kada duk makonnin su ƙare a kan manyan da ba za su taɓa gani ba. A Dole ɗin nan akwai dattawan da suka fara da tallan goro a faranti, akwai dukawa da majema da suka yaye yara da dama, kowa yanzu da rumfarsa. Ka gayyato ɗaya ya sha shayi da ku, ya faɗa musu da bakinsa shekara nawa ya yi a ƙarƙashin maigida kafin a sallame shi, da nawa aka sallame shi. Kuma kai ma, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa a matsayin ƙanenka, ka gaya wa kowane yaro yaushe za ka sallame shi da jarinsa. Yaron da bai ga ranar fita ba, Jado za ta riƙa kiransa ko tarihin wa aka ba shi.

Mai Kanti, Kasuwar Dole: Ban ji haushi ba ko kaɗan. Ni maigidana, Allah ya jiƙansa, shekara bakwai na yi masa ya ba ni tebur da kaya bashi, amma tun shekara ta biyu ya gaya mini haka za a yi. Ni kuwa ban taɓa zaunar da nawa na faɗa musu ba. Babban cikinsu shekararsa biyar ke nan a wurina. Zan kira shi gobe bayan an rufe.

Ga yadda na tsara. Wannan Juma'ar Malam zai buɗe mana da Nana Khadija da Abdurrahman ɗan Aufu, idan yana da sarari. Ta gaba Mushe da Malam Yaro, sai Dantata. Hajiya, ke ma da bakinki za ki ba su na Lome, ni ba zan iya kamarki ba.

Hajiya Mai Atamfa: Zan zo in sha Allahu, amma sai bayan na dawo daga Maraɗi, wajen ƙarshen wata.

Mushe mai ritaya, Birni: Tawa Juma'ar kada mu zauna a shago. Ku same ni a ƙofar fada bayan la'asar, mu taka cikin Birni su ga abin da ya rage na ganuwa, sannan mu gangara Zango su ga tsofaffin gidajen ƙasa masu zane a fuska. Ɗan Zango, ka nemo mana dattijo ɗaya a unguwarku wanda ya ji labarin ayari daga bakin kakansa.

Ɗan Zango: Akwai wani kawun mahaifina, ya haura 85 amma hankalinsa garau. Ba ya fita bayan magariba, sai mu isa wurinsa kafin ƙarfe shida. Alhaji, ka taho masa da goro.